Me ya sa majalisa take aika wa shugaban ƙasa saƙo bayan ta zaɓi shugabanninta?

Tambaya: A ranar da sabuwar majalisar dokokin Amurka ta fara zama, na ga bayan an zaɓi kakaki sai aka shiga zartar da wasu gajerun ƙudirori ba tare da muhawara ba, ɗaya na zaɓen akawu da sauran jami'ai, wani kuma na sanar da shugaban ƙasa. Shin amincewarsa ake nema? In ba haka ba, mene ne amfanin saƙon?

Amsa: Malam, ba amincewarsa ake nema ba, kuma ba shi da ta cewa a zaɓen. Kundin tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787 ya faɗa tun a sashe na ɗaya cewa Majalisar Wakilai ce za ta zaɓi kakakinta da sauran jami'anta. Majalisar Dattawa ita ma za ta zaɓi nata jami'an, tare da shugaban riƙo da zai zauna a kujera idan mataimakin shugaban ƙasa ba ya nan. Babu inda aka ambaci shugaban ƙasa a wannan maganar. Saƙon da ka ga ana aika masa labari ne na aikin da aka riga aka gama: mun taru, adadinmu ya cika, ga waɗanda za su riƙa magana da sa hannu da yawunmu. Ko yana son mutumin ko ba ya sonsa, haka zai karɓa.

Sai dai kada ka ɗauka cika sharaɗi ne kawai. A ganina waɗannan gajerun ƙudirori su ne suke mai da taron mutum 435 majalisar da doka ta sani, kuma duk lokacin da aka samu tangarɗa a kansu gwamnati gaba ɗaya takan ji a jikinta.

Asalin abin daga Birtaniya ne, kuma can da gaske amincewa ake nema. Har gobe idan majalisar wakilan Birtaniya ta zaɓi kakaki, sai ya taka zuwa ɗaya zauren a karanta masa amincewar sarki kafin ya kama aiki. Yau ba wanda yake tunanin sarki zai ƙi, amma an taɓa ƙi: a 1679 Sarki Charles na Biyu ya ƙi yarda da Edward Seymour, aka yi ta ja-in-ja har majalisa ta zaɓi wani. Gwamnonin da Ingila take turawa yankunanta na Amurka sun yi amfani da wannan iko sosai. A 1720 gwamnan Massachusetts, Samuel Shute, ya ƙi amincewa da Elisha Cooke. A 1766 wani gwamnan yankin, Francis Bernard, ya yi wa James Otis haka. Da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta kundin 1787 a irin waɗannan majalisu suka koyi siyasa, sun san abin da ke faruwa idan mai mulki yana da ikon zaɓar wa majalisa bakin da za ta yi magana da shi. Saboda haka suka cire neman izinin gaba ɗaya. Al'adar aika saƙon kuwa ta ci gaba, don kamar yadda za ka gani tana da aikin yi.

Ga yadda ranar take tafiya a Majalisar Wakilai. Tun daga gyaran kundi na 20, wanda aka amince da shi a 1933, wa'adin tsohuwar majalisa yana ƙarewa da ƙarfe 12 na rana ranar 3 ga Janairu, sabuwa kuma ta fara a daidai lokacin. A wannan saʼa babu kakaki, babu dokokin zama, babu kwamiti, babu ma ɗan majalisa ko ɗaya da ya yi rantsuwa, domin duk kujerun 435 ake sake zaɓa bayan kowace shekara biyu. Wanda ya rage a tsaye shi ne akawun tsohuwar majalisa. Shi ne yake hawa kujera ya buga guduma, shi ne kuma ya riga ya tattara takardun shaidar zaɓe daga jihohi ya fitar da jerin sunayen zaɓaɓɓu. Da wannan jeri ake tabbatar da cewa fiye da rabi sun hallara, wato adadin da kundi ya gindaya kafin a yi kowane aiki.

Daga nan kowace jam'iyya ta gabatar da ɗan takararta na kakaki. Zaɓen a fili ake yinsa, ba a akwati ba. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya bisa jerin haruffa, mutum ya miƙe ya ambaci sunan wanda yake so, masu ƙidaya daga ɓangarorin biyu suna zaune a gaba suna rubutawa. Wanda zai ci sai ya samu fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa wa wani mutum da sunansa. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, don wanda ya amsa da cewa yana nan amma bai ambaci kowa ba, ba ya shiga lissafi. Idan kowa ya ambaci suna, 218 ake buƙata. Idan wasu suka ƙi ambata, adadin sai ya sauka. Haka Kevin McCarthy ya ci a Janairun 2023 da ƙuri'a 216, Hakeem Jeffries na jam'iyyar Democrat yana da 212, bayan mutum shida daga jam'iyyar McCarthy ta Republican sun yarda su daina ambaton wani. Kundi bai ce dole kakaki ya kasance ɗan majalisa ba, amma ba a taɓa zaɓen wanda ba ɗan majalisa ba.

Idan an samu wanda ya ci, sai a naɗa 'yan rakiya su shigo da shi zauren. Shugaban marasa rinjaye, wanda yawanci shi ne aka kayar yanzu-yanzu, shi yake miƙa masa guduma. Ɗan majalisar da ya fi kowa daɗewa a zauren ba tare da yankewa ba shi yake rantsar da kakaki, sannan kakaki ya sa sauran duka su miƙe su ɗaga hannun dama ya rantsar da su a lokaci ɗaya. Hotunan da kake gani na kowa da iyalinsa da littafin addininsa daga baya ake ɗauka, na tarihi ne kawai.

Bari in ɗan tsaya a kan akawu, don mutane sukan raina matsayin. Wanda yake riƙe da jerin sunaye a ranar da babu kakaki, shi ne a zahiri yake tantance waɗanda za su zaɓi kakakin. A Disambar 1839 an yi jayayya a kan kujeru biyar na jihar New Jersey, kuma rinjayen majalisar ya rataya a kansu. Akawu Hugh Garland yana kiran suna, da ya iso kansu sai ya ƙi kiran ko wane ɓangare, ya kuma ƙi gabatar da kowace shawara a kaɗa mata ƙuri'a, wai majalisa ba ta kafu ba tukuna. Aka yi kwanaki ana hayaniya, sai da zaɓaɓɓun suka ɗora tsohon shugaban ƙasa John Quincy Adams, wanda a lokacin ɗan majalisa ne, a kan kujera ya ja ragamar zaman. A 1863 kuma, ana tsakiyar yaƙin basasa, akawu Emerson Etheridge ya yi yunƙurin cire sunayen wakilan wasu jihohi da hujjar cewa takardunsu ba su cika ba, don a hana magoya bayan Shugaba Abraham Lincoln kafa shugabanci. An gano shirin tun da wuri, majalisa ta kaɗa ƙuri'a ta mayar da sunayen, Schuyler Colfax ya zama kakaki. Wanda ya san waɗannan ba zai ɗauki zaɓen akawu abin wasa ba.

To, bayan rantsuwa sai a shiga ƙudirorin da ka yi tambaya a kansu, kuma yawanci jerinsu ɗaya ne. Na farko shi ne na zaɓen jami'ai huɗu waɗanda ba 'yan majalisa ba ne: akawu, da sajan majalisa mai kula da tsaro da sandar majalisa, da babban jami'in gudanarwa mai kula da albashi da kayan aiki, muƙamin da aka ƙirƙiro a 1995, da malamin addini mai buɗe zama da addu'a. Jam'iyya mai rinjaye ta riga ta tsayar da mutanenta a taronta na cikin gida. Marasa rinjaye sukan kawo gyara da nasu sunayen, a kayar da gyaran da murya, a wuce. Kowa ya san sakamakon tun kafin a fara, amma ana yi, don ya shiga kundin zama cewa majalisa ce ta zaɓa, ba jam'iyya ba. Ƙudiri na biyu yana sanar da Majalisar Dattawa cewa adadi ya cika, ga kakaki ga akawu. Na uku yana kafa ɗan ƙaramin kwamiti, yawanci shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye, su haɗu da takwarorinsu na Majalisar Dattawa su shaida wa shugaban ƙasa cewa majalisun biyu sun hallara kuma a shirye suke su karɓi duk saƙon da yake son aikowa. A da takawa ake yi a same shi, yanzu waya ake bugawa, sannan su dawo su shaida wa zauren cewa sun isar. Na huɗu yana umartar akawu ya sanar da shugaban ƙasa a rubuce sunan kakaki da na akawu. Sai bayan nan a ɗauko dokokin zama, inda a nan ne muhawara ta gaske take farawa.

Majalisar Dattawa tata ta fi sauƙi, domin ba ta mutuwa. Kashi ɗaya cikin uku na sanatoci 100 ake zaɓa bayan kowace shekara biyu, saboda haka a ko da yaushe akwai isassun rantsattsu, dokokinta suna nan, jami'anta suna ci gaba har sai an zaɓi wasu. Mataimakin shugaban ƙasa ne yake rantsar da sababbin, huɗu-huɗu. Sauyin jami'ai yakan zo ne idan rinjaye ya koma hannun ɗaya jam'iyyar: a zaɓi sabon sakataren majalisa, sabon saja, sabon shugaban riƙo, kuma kowanne akan bi shi da ƙudirin sanar da shugaban ƙasa da na sanar da Majalisar Wakilai. Shugaban riƙo a al'ada sanatan da ya fi daɗewa a jam'iyya mai rinjaye ne. Patty Murray ce mace ta farko da ta riƙe shi, a 2023, Chuck Grassley ya karɓa a Janairun 2025.

Yanzu ga ainihin dalilan sanarwar, kuma sun fi ƙarfin girmamawa.

Babban dalili shi ne gadon mulki. Dokar 1947 ta ce idan babu shugaban ƙasa babu mataimaki, kakaki ne zai hau, bayansa shugaban riƙo na Majalisar Dattawa. Wannan ba zance ne na takarda kawai ba. Da Spiro Agnew ya ajiye muƙamin mataimaki ranar 10 ga Oktoba 1973, har zuwa 6 ga Disamba da aka rantsar da Gerald Ford, kakaki Carl Albert ne mai jiran gado, a daidai lokacin da badaƙalar Watergate take girgiza kujerar Shugaba Richard Nixon. Sojoji da jami'an tsaro da ma'aikatu dole su san ko wane ne wannan mutum ta hanyar takarda mai tushe, ba ta labarin jarida ba. Haka nan gyaran kundi na 25, na 1967, ya ce idan shugaban ƙasa zai miƙa mulki na ɗan lokaci saboda rashin lafiya, kakaki da shugaban riƙo zai rubuta wa. A Nuwambar 2021 da za a sa wa Joe Biden maganin barci don gwajin asibiti, kakaki Nancy Pelosi da shugaban riƙo Patrick Leahy ya aika wa wasiƙa, mataimakiyarsa Kamala Harris ta riƙe mulki na kusan awa ɗaya da rabi, sannan ya sake rubuta musu ya karɓi abinsa. Wasiƙar da za ta sauya mai riƙe da ikon ƙasa ba ta yiwuwa a yi shakkar wanda za a kai wa.

Sai kuma tafiyar dokoki ta yau da kullum. Ƙudirin dokar da majalisun biyu suka amince da shi kakaki ne yake sa masa hannu tare da mai shugabancin Majalisar Dattawa, akawu ko sakatare ya shaida cewa rubutun shi ne wanda aka zartar, sannan a kai Fadar White House. Daga ranar da aka miƙa, shugaban ƙasa yana da kwana 10 ban da Lahadi, ko ya sa hannu ko ya mayar da shi da dalilansa ga zauren da ya faro shi. In bai yi ko ɗaya ba ya zama doka, sai fa idan majalisa ta tashi ta yadda babu hanyar mayar mata, a nan ƙudirin ya mutu. Ka ga ke nan sanin wanda yake da ikon karɓar takarda a madadin majalisa yana iya raya doka ko ya kashe ta. A 1938 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ƙudirin da aka mayar wa sakataren Majalisar Dattawa lokacin da take ɗan gajeren hutu ya isa gare ta yadda ya kamata. Sunayen ministoci da alƙalai da jakadu da shugaban ƙasa yake neman a tantance, da yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa, duk ta ofishin wannan sakatare suke shiga.

Maganar cewa majalisa a shirye take ta karɓi saƙo ita ma tana da tushe. Kundi ya ɗora wa shugaban ƙasa ya riƙa ba majalisa bayanin halin da ƙasa take ciki. George Washington ya yi na farko da bakinsa ranar 8 ga Janairu 1790. Thomas Jefferson ya mai da shi rubutacce a 1801, haka aka ci gaba har Woodrow Wilson ya dawo da zuwa da kai a 1913. A wancan zamani shugaban ƙasa yakan riƙe saƙonsa har sai kwamitin ya zo ya ce an shirya. An ga abin da ke faruwa idan bai jira ba. Majalisar da ta taru a Disambar 1855 ta rabu a kan batun bauta, ta yi zagaye 133 cikin wata biyu kafin ta zaɓi Nathaniel Banks ranar 2 ga Fabrairu 1856, shi ma sai da aka amince cewa wanda ya fi yawan ƙuri'a ya ci ko bai haura rabi ba. Shugaba Franklin Pierce ya gaji da jira ya aika da saƙonsa ranar 31 ga Disamba. Majalisar Wakilai ba ta yarda a karanta shi ba, don a wurinta ba ta kafu ba, kuma ba shi ne zai gaya mata lokacin da ta shirya ba. A wurina wannan shi ne mafi bayyana ma'anar al'adar: majalisa ce take buɗe ƙofa daga ciki.

Abin da ya faru a 2023 ya nuna wa mutanen zamaninmu haka. Daga 3 ga Janairu har bayan tsakar daren da ya shiga 7 ga wata, aka yi zagaye 15, karo na farko tun 1923 da zaɓen kakaki ya wuce zagaye ɗaya. A duk kwanakin nan akawu Cheryl Johnson ce a kan kujera, babu dokokin zama a hannunta sai abin da aka gada da kuma natsuwarta. Ba a rantsar da kowa ba, ba a kafa kwamiti ba, ba a sanar da Majalisar Dattawa ko shugaban ƙasa komai ba, waɗanda aka san za su shugabanci kwamitocin tsaro suna kukan an hana su bayanan sirri don a doka ba su zama 'yan majalisa ba. Da aka tsige McCarthy ranar 3 ga Oktoba da ƙuri'a 216 da 210, Patrick McHenry ya riƙe kujera na wucin gadi, amma majalisa ba ta zartar da doka ko ɗaya ba har aka zaɓi Mike Johnson ranar 25 ga wata da ƙuri'a 220. Nan take aka sake zartar da ƙudirorin sanar da Majalisar Dattawa da shugaban ƙasa, don sunan da ke hannunsu ya tsufa. A shekarar da ta biyo bayan zaɓen shugaban ƙasa lamarin ya fi tsanani, domin ranar 6 ga Janairu majalisun biyu suke zama tare su ƙirga ƙuri'un da wakilan jihohi suka kaɗa na zaɓen shugaban ƙasa. Kwana uku kacal ke tsakani. Shi ya sa a Janairun 2025 hankali ya tashi da aka ga Johnson bai kai adadi ba, kafin mutum biyu su sauya ƙuri'arsu ya samu 218 a zagayen farko.

Tun da Najeriya daga Amurka ta aro tsarin shugaban ƙasa, yana da kyau ka ga inda suka rabu. Sashe na 50 na kundin 1999 ya ce sanatoci ne za su zaɓi shugabansu da mataimakinsa daga cikinsu, 'yan Majalisar Wakilai su zaɓi kakaki da mataimaki. Akawun Majalisar Tarayya ne kuma yake jan zaman farko. A nan ma shugaban ƙasa ba shi da ƙuri'a. Shi ya sa ranar 9 ga Yuni 2015 Bukola Saraki ya zama shugaban Majalisar Dattawa da sanatoci 57 da ke zauren, yayin da wasu 'yan jam'iyyarsa suke wani wuri suna jiran ganawa da Shugaba Muhammadu Buhari, Yakubu Dogara kuma ya kayar da ɗan takarar jam'iyya Femi Gbajabiamila da ƙuri'a 182 da 174. Fadar shugaban ƙasa ba ta da hanyar soke ko ɗaya.

Bambancin yana wurin farawa. A Amurka kundi ne ya yanke rana da sa'a, majalisa ta taru da kanta ta aika wa shugaban ƙasa labari. A Najeriya sashe na 64 ya ba shugaban ƙasa ikon fitar da takardar kiran zaman farko, sashe na 105 ya ba gwamna irin wannan iko a kan majalisar jiha. Wato saƙon farko daga ɓangaren zartarwa yake fitowa. A matakin tarayya hakan bai hana majalisa zama ba, amma a jihohi an ga illarsa. A Edo a Yunin 2019 an rantsar da mutum tara cikin 24 da dare aka zaɓi kakaki a cikinsu, rikicin da ya biyo baya ya ja shekaru. Duk wanda ya nemi ra'ayina a kan gyaran kundi, wannan yana cikin abubuwan farko da zan kawo: a rubuta rana da sa'ar zaman farko a cikin kundin kansa, a wajabta wa akawu ya sanar da kowane zaɓaɓɓe a fili, a bar wa shugaban ƙasa da gwamna karɓar saƙo kawai.